Kwamin Gishiri a Bayan Ɗakin Shafa'atu

Litinin, 4 ga Maris, 1996, bayan la'asar

Yau Malam Alu mai ɗori ya kwance wa matata Shafa'atu ɗaurin ƙafa a Aliero. Wata biyu ke nan tun ranar haɗarin motar nan. Ya bi cinyar da babban yatsa yana dannawa, yana karkata kai kamar mai zaɓen kankana, ya ce ƙashi ya haɗe. Sai ya kama gwiwar zai lanƙwasa, ta ƙi.

"Kwana arba'in nika ba ta," in ji shi. "In gwiwag ga ba ta lanƙwasa ba cikinsu, ta bushe ke nan. Zaune za ta yi ta salla har ƙarshen rayuwatta."

Na ce to ai ko tsayuwa ba ta iya yi. Ya ce a kai ta ruwa, ruwa yana ɗauke wa mutum nauyinsa, in da ɗumi da gishiri ya fi. Ya faɗi haka kamar ruwan yana cikin aljihuna. Gulbi akwai, amma cike yake da masunta da masu wankin mota, kuma na san matata. Ko da lafiyarta ba za ta shiga gaban maza ba.

A hanyar dawowa ba ta ce mini komai ba. Ban yi zaton za ta ce ba. Direban haya ne ya kawo mu, ni a baya na zauna.

Talata, 5 ga Maris, da hantsi

Na tono wani ɗan littafi a ƙasan akwati, tun zamanin da nake gyaran inji a kamfanin da ya yi aikin madatsar ruwa. Turawan wurin suna da kwamin wanka a bayan gidajensu, kuma ni nake kula da famfonsa. Abin da ya ɗaure mini kai tun lokacin shi ne ruwan ba ya yin kore, ba ya wari, kuma ba a canza shi. Gishiri kawai suke zubawa, sai wata 'yar na'ura da ruwan yake bi ta cikinta.

Shekara goma sha biyu ina gyaran injin ban-ruwa na masu albasa a Jega, ban taɓa tambayar kaina yadda gishiri yake hana ruwa lalacewa ba. Yau na zauna da littafin tun safe. Turancina na sifana ne, amma hotuna sun taimaka. Ashe wutar lantarki ce take ratsa ruwan gishirin, sai ya haifi maganin da yake kashe ƙwayoyin cuta.

Bayan ɗakinta akwai fili, taku bakwai da taku biyar, inda muke ɗaure tumaki a da. Na auna shi sau uku.

Laraba, 6 ga Maris, da azahar

Na fasa tsofaffin baturan tocila biyu na ciro baƙaƙen sandunan cikinsu, na ɗaura musu waya, na haɗa da batirin shago, na tsoma a kwanon ruwan gishiri. Sai ga ƙananan kumfa suna tasowa. Na sunkuya na shaƙa, sai warin maganin wanke fararen kaya ya buge ni har na yi tari. Na yi dariya ni kaɗai, karon farko tun ranar, sannan na ji kunya na duba ko wani ya ji.

Goggo Gudiya ta ji. Ƙanwar mahaifin Shafa'atu ce, ta zo daga Kuberi tana jinyarta, kuma ba abin da yake wuce ta a gidan nan. Ta leƙo ta ce, "Haliru, mi kaka dahwawa?" Na ce gwaji ne, Goggo. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta koma.

Juma'a, 8 ga Maris, bayan saukowa daga masallaci

Na shiga kasuwa layin masu gishiri na sayo kala biyar: balma, manda, kantu, kanwa, da farin gishirin buhu. Mai sayarwar ya tambaye ni ko shanu na saya ko mayya ta kama ni. Na jera kofuna biyar a kan katanga, kowanne da gishirinsa da ƙusa ɗaya a ciki.

Balma ta bar jan laka a ƙasa. Manda ta mai da ruwan baƙi. Kanwa ta sa shi santsi, kuma da na sa mata waya ba ta ba ni warin nan ba. Farin gishirin nan da tsofaffi suke rainawa shi ya narke tas.

Littafin ya ce kada gishirin ya kai na miya. Na yi lissafi na haɗa, na ɗanɗana. Ko na hawaye bai kai ba. Na saka ƙwai in ga ko zai taso, ya nutse abinsa. Ke nan ba gishirin ne zai ɗaga ta ba, ruwan ne da kansa. Na ɗan ji haushi, don na so a ce gishirin ne.

Asabar, 9 ga Maris, da safe

Na kai mata kunu. Fuskarta tana bango. Na ajiye, na fito.

Litinin, 11 ga Maris, da la'asar

Duk ƙusoshin sun yi ja cikin kwana uku. Wannan ya raba gardama: ƙarfe ba zai taɓa ruwan nan ba. Bututun roba zan sa. Injinan ban-ruwa da suke cike da shagona ma ba su da amfani, cikinsu ƙarfe ne, ga ƙarfin tsiya, za su kwashe kwamin kafin mutum ya gama alwala. Ƙaramin famfon lantarki nake bukata mai cikin roba, wanda zai yi ta juya ruwan a hankali. Abin tace ruwan kuwa zan haɗa da kaina: duron roba, tsakuwa a ƙasa, gawayi, sai yashin gulbi a sama.

Na aika wa Bala saƙo a Sakkwato, tsohon abokin aikina a kamfanin. Na tuna lokacin da Turawan suka tashi shi ya kwashi tarkacen kwamin. In na san Bala, bai yar da ko noti ɗaya ba.

Ban gaya mata ba. Ina so sai ruwa ya kwanta a ciki in ce mata ta zo ta gani. Gaskiya kuma ban san yadda ake fara magana da bayan mutum ba.

Laraba, 13 ga Maris, bayan azahar

Saura zurfi. Malam Alu ya ce ruwan ya kai mata ƙirji, kada ya wuce, kada ya gaza. Shekara shida muna tare, ban san tsawonta daga diddige zuwa ƙirji ba. Na san tana kai mini kafaɗa, amma siminti ba ya jin kusan.

Tef ɗin awona yana cikin akwatin kayan aiki, akwatin yana cikin motata, motar tana nan inda take a kwanar Gumbin Kure. Ba zan je ba.

Da zafin rana na leƙa na ga ta miƙe a tabarma, idonta a rufe. Na zaro kara ɗaya daga danga, na shiga a hankali, na shimfiɗa shi kusa da ita. Na karya shi daidai kanta, na yi masa tsaga da farce daidai ƙirji. Ina fitowa na yi karo da Goggo a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na ɗauka zafi ne ya dame ta.

Alhamis, 14 ga Maris, da hantsi

Ni jaki ne.

Na kira Ya'ƙub mai haƙar rijiya, na kai shi bayan ɗaki, na miƙa masa karan na ce ga awo. Ya karɓa da hannu biyu, ya cire hula.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ar rasu, Malam Haliru? Kuma nan cikin gida za a aje ta?"

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Ya'ƙub shi ne yake haƙa kabari a unguwarmu, kuma duk wanda ya rasu a Jega Firchin, da kara ake auna shi a kai masa. Na sha riƙe irin karan nan da hannuna. Na riƙe wani ɗan guntu wata biyu da suka wuce, na ɗanmu da ya zo ba rai, bai kai kamu biyu ba. Amma jiya kaina yana wurin zurfin ruwa, ban ga komai ba sai santimita.

Na ruga cikin gida. Goggo ta riga ta aika Kuberi tun jiya.

Alhamis ɗin dai, da magariba

Yayanta Jibrilla ya zo da mota. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Na ce, "Yaya, ka tsaya in gwada maka abin da nika ginawa."

Ya ce, "Na ji abin da kaka ginawa. Ɗaya kun riga kun binne. Wagga da ranta za mu tahi da ita."

Suka ɗauke ta a kan tabarmar. Da za su wuce da ita ta dube ni, karon farko da ta dube ni sosai. Na kasa karanta abin da yake idonta. Kwana goma sun tafi cikin arba'in, kuma a Kuberi ba abin da za ta yi sai kwanciya.

Juma'a, 15 ga Maris, da safe

Na ce wa Ya'ƙub ya haƙa.

Talata, 19 ga Maris, da la'asar

Rami ya kai. Taku biyar da taku uku, zurfi daidai tsagar karan, da ɗan ƙari saboda daɓe. Ya'ƙub ya ce bai taɓa haƙa abin da ya fi ƙarfin kabari bai kai rijiya ba. Mun fara jera bulo, na yi matakala huɗu a kusurwa, masu kyau, da kaina na goge su.

Bala ya aiko da na'urar cikin kwalin sabulu, da famfon, da takarda: "Ban san ko tana aiki ba. In ta kashe ka ba ruwana." Na buɗe ta. Faranti ne siraran guda bakwai a jere cikin kwalbar roba, farin dutse ya kama su. Na jiƙa su a ruwan tsamiya, ya saki. Wane irin ƙarfe ne wannan da gishiri ba ya ci? Shekara goma a ɗakin Bala, ko ɗigon tsatsa babu. Na yi ta juya shi a rana.

Gidan shiru. Ina ta sauraron tarinta ta bango, sai in tuna.

Asabar, 23 ga Maris, da azahar

An yi shafe ciki da waje. Sai an yi kwana bakwai ana yayyafa masa ruwa kafin a cika. Na tambayi magini ko biyar za su yi, ya ce in ina son ya tsage, uku ma za su yi.

Na kewaye wurin da zana mai tsawo, na bar sama a buɗe don rana ta ɗumama ruwan. Na haƙa wani ƙaramin rami can nesa da katangar maƙwabcina, inda zan riƙa zubar da ruwan wankin duron tacewa. In gishiri ya shiga fadamar albasarsa, rigima biyu za ta same ni.

Litinin, 25 ga Maris, bayan la'asar

Na je Kuberi a kan babur. Hanya ɗaya ce, ta Gumbin Kure take bi. Motar tana nan jikin kukar, an kwashe tayoyin, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Ban yi niyyar tsayawa ba. Na tsaya. Akwatina yana nan a bayan kujera, ba wanda ya taɓa. Ɗankwalinta ma yana nan. Kwanar ba ta da wani kaifi, yaro ma zai sha ta, in dai idonsa a buɗe yake. Nawa ba a buɗe yake ba.

A ruga ba a bar ni na gan ta ba. Na zauna da Jibrilla a inuwa, na fito da littafin da kwalbar ruwan da na haɗa. Bai dubi littafin ba. Ya kurɓi ruwan, ya juya shi a baki, ya tofar.

"Wanga ko maraƙi ba ya tsayawa kainai. Shi ad da magani?"

Na ce ba shi ne maganin ba, shi dai yana tsare ruwan. Na gaya masa maganar Malam Alu, na ce kwana goma sha tara suka rage. Na ce, "Yaya, ka zage ni yadda kaka so, na cancanta. Amma ka zo ka gani da idonka."

Ya ce zai shigo Jega ranar kasuwa.

Juma'a, 29 ga Maris, da yamma

Ya zo. Ya zagaya kwamin sau biyu da sandarsa a kafaɗa, ya sauka ciki, ya ƙwanƙwasa bango. Ya ce, "To, kabari dai ba a yi mai matakala." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya sha ruwa ya tafi.

Lahadi, 31 ga Maris, da hantsi

Goggo Gudiya ce da kanta ta sauka daga motar haya. Ta tsaya a zaure ba ta zauna ba.

"Ta ce in tambaye ka. Ƙahwar da ba ta lanƙwasawa, ƙaƙa za ta sauka matakala?"

 Na auna gishiri da cokali, na auna famfo, na auna zurfi har na kori matata daga gida, amma ban tambayi kaina yadda za ta shiga ba. Goggo ta ce, "Ta ce ka yi mai gangare, irin na wurin da aka wanke ma shanu kaska. Da igiya ta riƙawa."

Na ce, "Goggo, ita tac ce haka? Da bakinta?"

"Da bakina nic ce?"

Kafin ta kai tasha na ɗauko guduma. Ban taɓa jin daɗin rushe aikina irin na yau ba.

Alhamis, 4 ga Afrilu, da safe

Yau ce ranar haihuwar da ungozoma ta lissafa mana tun bara. Ban je shago ba. Na yayyafa wa gangaren ruwa.

Lahadi, 7 ga Afrilu, da la'asar

Duro arba'in da shida masu kura suka zuba. Gishiri bai cinye buhu ɗaya ba. Na tayar da janareta, famfo ya ɗauka, ruwa ya bi ta duron tacewa ya bi ta kwalbar Bala, sai ga kumfan nan a jikin farantan. Na zauna a baki na tsoma ƙafa. Da azahar ruwan ya yi ɗumi kamar madarar da aka tatso yanzu.

Saura kwana shida. Na san bai isa ba.

Litinin, 8 ga Afrilu, bayan azahar

An kawo ta. Ta rame. Goggo da Jibrilla suka kai ta bakin gangaren, Jibrilla ya fita, Goggo ta juya baya tana gyaran zana da ba ta lalace ba. Na shiga ruwan da rigata na tsaya a ƙasa.

Ta kama igiyar ta dubi ruwan, ta daɗe. Sannan ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Malam, ranar da kay yi awo, ba kwana nikai ba. Ina jin ka."

Na ce, "Don mi ba ki yi magana ba?"

"Na aza na gaskiya na. Kuma ban ƙi ba."

  Na tsaya cikin ruwa har ƙirji ina kuka kamar yaro, ita kuwa ta ja ƙafar ta sako ta a gangaren. Ta sako ɗayar. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. Da ya kai ƙirji sai ta saki numfashi, ta tsaya a kan ƙafafunta biyu, ba wanda yake riƙe da ita.

"Ka iya awo dai," in ji ta.

Laraba, 10 ga Afrilu, da yamma

Sau uku a rana. Taku tara jiya, yau goma sha huɗu. Tana kama igiya ta durƙusa a hankali, ruwan yana tare ta. Zafin yana sa ta cije leɓe har jini. Ta ce gishirin yana shiga wurin cizon, in rage. Na ce littafi ya hana. Ta ce littafin ya zo ya shiga da kansa.

Asabar, 13 ga Afrilu, da la'asar

Kwana arba'in. Mun je Aliero. Malam Alu ya kama gwiwar ya tura, ta tafi kamar faɗin yatsa huɗu ta tsaya. Ya sake turawa, Shafa'atu ta damƙe hannun Goggo. Ya ci gaba da taɓa wurin.

Na ce, "Malam, ta bushe?"

"Busasshe ba ya tahiya yatsa huɗu. Amma ban yi maka alkawali ba. Ku ci gaba."

Na so in tambaye shi kwana nawa ya ƙara mana. Na fasa. Na gaji da ƙirga.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da hantsi

Famfo ya tsaya jiya, gashi ne ya naɗe shi. Na sa masa raga. Gwiwa tana nan tana tafiya kaɗan kaɗan, wata rana ta koma baya. Jiya da dawowarta daga ruwa ta tambaye ni inda aka sa ɗanmu. Na gaya mata. Ta ce in ta iya tafiya in kai ta.

Talata, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na dawo daga masallaci na zo wucewa ta ƙofarta. Kujerar da take salla a kai tana jingine a bango, ba kowa a kanta.

Tana kan tabarma a tsaye. Ta yi ruku'u, ta ɗago. Sai ta fara sauka, hannu ɗaya a ƙasa, ƙafar tana rawa, a karkace, a hankali ƙwarai. Na riƙe ƙyauren don kada in shiga in kama ta. Gwiwar ta taɓa tabarma. Goshinta ya taɓa ƙasa.

Ta daɗe a wurin, kafaɗunta suna motsi. Na tsaya ina jira in ga ko za ta iya tashi ita kaɗai.

Ta tashi.